Hannun Dama

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Hazo tun asuba. Daga Sakasaka zuwa asibiti, da ƙyar nake hango babur ɗin da ke gabana. Hunturu lokacinmu ne: jin ɗumi, ruwan wanka a kan murhu, yara na rarrafe. Gadaje cike.

Gado na huɗu. Shekararta huɗu, daga wani ƙauye bayan Savelugu. Hannun dama cikin tukunyar man kaɗe, yau kwana 16. Kafin su iso an shafa ɗanyen ƙwai, an bi da toka. Da ruwa mai sanyi aka yi ta kwarara mata na minti 20, da wataƙila ƙunar ba ta yi wannan zurfi ba. Ban faɗa wa uwar ba. Ita ke juya tukunyar.

Bayan hannun ya ƙi haɗewa. Likita ya ce dashen fata, jibi.

Talata, 7

Hutu. Kowa gaban talabijin, ana rantsar da shugaban ƙasa Mahama a Akra. Mu wankin ciwo. Yarinyar tana jin ƙarar farantin kaya ta fara kuka.

Dagbancina na cefane ne, amma kakarta na jin Hausa, ta daɗe tana sayar da goro a Aboabo. Na ce, "Mma, ki riƙe min kafaɗarta." Ta riƙe, ta kau da kai. Da muka gama ta ce, "'Yata, da shi za ta ci tuwo. Da shi za ta miƙa wa surukai ruwa."

Laraba, 8

An yi. An yanko fata daga cinya, siririya kamar ɓawon albasa, an yi mata 'yan huji don ruwa ya samu hanyar fita. Hannu a ɗaure kan filasta, a rataye sama da ƙirji. Ba buɗewa sai bayan kwana biyar. Kwana biyun farko ruwan ciwon kawai fatar ke sha, daga baya jijiyoyin jini su shige ta. In ta goce, ko jini ya taru a ƙarƙashi, ko ƙwayar cuta ta shiga, shi ke nan.

Yaya za a hana 'yar shekara huɗu motsi?

Alhamis, 9

Ranar masu zuwa daga gida. Wata budurwa, biki bayan ƙaramar Sallah. Ta ɗaga mayafi a hankali: tabon hujin ɗan kunne ya kumbura, ya kai goro. So take a yanke yau. Na zaunar da ita, na ce ƙanwata, irin wannan in aka yanke kawai yakan dawo, wani sa'in har ya fi na da. Allura ce cikin tabon, wata-wata, da haƙuri. Ta ƙirga watannin da yatsu. Wasu za su ce ai kwalliya ce, ba ciwo ba. Shekara biyu rabonta da ta bar kunnen a buɗe ko a ɗakinsu.

Bayanta wata Hajiya, ɗinki ya ɓarke. Fata ta yi laushi, zare ya ƙi zama. Man bilicin. Tun 2016 hukumar abinci da magunguna ta Gana ta hana mayukan shafa masu haidirokwinon, ga shi har yau muna ganin aikinsu. Ban yi mata faɗa ba. Na tambayi wanda take shafawa, ta fiddo kwalbar daga jaka.

Juma'a, 10

Gado na huɗu, zafin jiki 38.4. Gwajin zazzaɓin sauro bai nuna komai ba. Na sunkuya na shinshina bandejin, sau uku kafin in tashi aiki. Ba wari, ba koren ruwa. Likita ya ce a sa ido, kar a buɗe tukuna.

Barci ya ƙi.

Asabar, 11

37.1. Alhamdu lillahi.

Ta cinye ƙwai biyu. Sai da na sha fama da Mma, wai yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama. Na ce to a ranta mana na wata ɗaya, fata ba ta tsirowa da koko kaɗai. Ta yi dariya, karo na farko. Uban ya sayar da zabi uku, ya kawo madara da ƙuli-ƙuli.

Lahadi, 12

Gida. Wanki. Waya sau biyu.

Litinin, 13

Mun jiƙa bandejin, muna ɗagawa zare-zare. Hannuna na rawa, na tsaya, na ci gaba.

Ja-ja. Ta kama! Kusan duka. Sai tsakanin babban yatsa da manuni, wuri kamar farce, launin toka. Likita ya daɗe yana kallo. Ko ya cike daga gefe, ko a sake.

Mma ta leƙo. "Kamar raga. Haka zai zauna?" Na ce ragar za ta lafa, amma launin ba zai koma irin na da ba. Ta yi shiru, ta shafa kan yarinyar.

Abin da nake tsoro yana gaba. Tabon ƙuna janyewa yake yi, wata da watanni. Sai an yi ta miƙa yatsu, ana shafa mai, ana sa filasta da dare. Na ga waɗanda suka tafi lafiya, bayan shekara biyu suka dawo da hannu a dunƙule. Wani aikin sai cibiyar ƙuna ta Korle Bu, tafiyar sama da kilomita 600. Mai sayar da zabi?

Talata, 14

Cinya na mata ƙaiƙayi, tana neman sosawa. Na yanke mata farce.

Uban ya tare ni a baranda, hula a hannu. Madam, yaushe sallama? Kuɗi sun ƙare, ga yara biyar a gida. Na roƙe shi mako ɗaya. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Da la'asar na miƙa mata cokali ta hagu, ta ƙi karɓa, tana kallon na dama. Kan babban yatsa ya ɗan motsa. Za a sake buɗewa ranar Alhamis.