Kafin A Sake Ɗura Maniyyi

Shekarun da na yi ina aikin jinya a sashen mata sun nuna mini cewa babu kuka mai cin rai kamar na macen da aka yi wa ɗurin maniyyi, ta yi mako biyu tana lissafin kwanaki, sai ga jinin al'ada. Aikin, wanda likitoci ke kira IUI, ba shi da wuya: a karɓi maniyyin miji, a tace shi, a zura siririn bututu a ɗura shi cikin mahaifa daidai lokacin fitar ƙwai. Sauƙin nan ne ke sa ma'aurata su ɗauka ciki ya shiga tun ba su bar asibiti ba. Alhali ko mace mai ƙuruciya, damarta a kowane karo kashi 10 zuwa 20 ce cikin ɗari, in ta haura shekara 40 kuwa abin ya yi ƙasa ƙwarai.

'Ya'yana, abin da nake fara tambaya shi ne: an duba bututun ƙwai? Ƙwai da maniyyi a can suke haɗuwa kafin ciki ya sauko mahaifa. In duka biyun sun toshe, ko sau nawa aka ɗura, zuba ruwa ne a kwando. Toshewar nan kuwa ta yi yawa a cikin matanmu: ciwon sanyi da ba a yi wa magani ba, ƙwayar cutar da ke shiga bayan haihuwa ko ɓari a wurin da ba tsafta, har da tsargiya ga mazauna bakin ruwa. Akwai hoton da ake kira HSG, wanda ake tura ruwan rini a mahaifa a ga ko ya wuce. Na ga matan da aka yi ta maimaita wa ɗuri ba a taɓa yi musu shi ba, kuma har yau abin yana ba ni takaici.

Sai maigida. A kusan rabin auren da haihuwa ta yi wuya, akwai hannun namiji. In ƙwayoyin maniyyinsa kaɗan ne, ko ba sa motsi, tacewa ba za ta ƙara musu yawa ba. Hangum da ya kama shi bayan balaga, kumburin jijiyoyin maraina, sigari, duk suna yin ɓarna. Ko zazzaɓi mai zafi yana rage su na ɗan lokaci, domin jiki yana ɗaukar kusan wata biyu da rabi kafin ya ƙera sababbi. Sau da yawa mutum yakan ce, "Ai ina da 'ya'ya da uwargida." Alhaji, autan nan ya kai shekara goma, lafiyar wancan lokacin ba ita ce ta yau ba.

Lokaci ma yana da nasa. Ƙwai ba ya wuce awa 12 zuwa 24 bayan ya fito, shi ya sa ake ɗurin wajen awa 36 bayan allurar fitar da shi. Wadda ta yi allurar a makare tana iya rasa watan. Ban da lokaci, ƙari a cikin mahaifa ma yakan hana ciki zama.

Galibin waɗanda suke dacewa, a karo uku ko huɗu na farko suke dacewa. Bayan nan sai a zauna da likita a sake lissafi, ko da za a yi maganar dashen ƙwai, wanda ake yi tun haihuwar Louise Brown, jaririyar farko da aka samu ta wannan hanya, a Ingila a 1978. Haihuwa ta Allah ce, na yarda, amma na ga an sayar da gona da sarƙar gwal ana ta maimaita abu ɗaya, shekarun mace suna tafiya, dangin miji suna mata habaici.

Maza, ku raka matanku asibiti, a gwada ku tare tun ranar farko. Ke kuma 'yata, kafin ki sake biyan kuɗi, ki tambayi likita abin da ya gani a bututunki da kuma adadin ƙwayoyin da aka samu bayan tacewa.