Kwana Biyu a Duwatsun Wales

Yawancinmu idan aka ce Birtaniya, Landan ce ke zo mana a zuciya, da dogayen benaye da jiragen ƙasa masu bi ta ƙarƙashin ƙasa. Amma a yammacin Ingila akwai wata ƙasa da ake kira Wales, mai mutane kamar miliyan uku. Tumakinta kuwa sun kusa ninka mutanenta sau uku. Suna da harshensu na kansu, wanda bai yi kama da Turanci ba ko kaɗan. A ƙidayar shekarar 2021 an sami mutum fiye da 500,000 masu jin wannan harshe, kuma a arewa maso yammacin ƙasar shi ne harshen gida da na kasuwa.

A can arewan ne dutse mafi tsawo na Wales da Ingila yake. Turawan Ingila suna ce masa Snowdon, 'yan ƙasa kuwa Yr Wyddfa. Tsawonsa mita 1,085 ne daga bakin teku, wato ƙafa 3,560. Tun 1951 gwamnati ta keɓe yankin don a kiyaye shi, a 2022 kuma hukumar da ke lura da shi ta yanke shawara ta riƙa amfani da sunayen 'yan ƙasa.

Wanda ya tashi a Jos zai yi murmushi, gama garin Jos kansa yana zaune a kan tudu mai tsawon mita 1,200 da 'yan kai. Wato mai sayar da tumatir a kasuwar Jos ya fi wanda ya hau ƙwanƙolin Snowdon kusa da sama. To, amma Jos a kan shimfiɗaɗɗen tudu take. Shi wannan dutse daga kusa da teku ya tashi, iska mai ɗauke da ruwa tana bugunsa dare da rana. Akwai gefensa da ke samun ruwan sama fiye da milimita 4,000 a shekara, kusan ninki uku na abin da Jos ke samu.

Mu ɗalibai tara ne masu karatu a garin Bangor, daga Nijeriya da Gana da Kamaru. A watan Mayu na 2023, da muka gama jarrabawa, muka haɗa kuɗi muka ɗauki wani ja-gora mai takardar shaidar aikin. Ya shirya mana kwana biyu: rana ta fari sauka da igiya, ta biyu hawan dutsen.

Garin masu fasa dutse

Daga Bangor zuwa Llanberis kamar mil goma ne. Ƙaramin gari ne a bakin tafki, a gindin dutsen. Abin da ya fara ɗaukar idonmu shi ne tsaunin da ke hayin tafkin, wanda aka yanyanka hawa hawa kamar matakala. Wannan ita ce mahaƙar Dinorwig, inda aka yi shekaru ana fasa irin baƙin dutsen nan mai tsagewa falle falle, wanda ake rufin ɗaki da shi, ake kuma yin allon rubutu na 'yan makaranta. Lokacin da aikin ke ci, ma'aikata sun fi 3,000. An rufe ta a 1969. Waɗanda suka san ramukan kuza na ƙasar Filato za su gane yadda wuri ke zama bayan masu haƙa sun tashi: tulin duwatsu, kangayen gidaje, ramuka cike da ruwa. A cikin tsaunin nan aka haƙa tashar lantarki da aka buɗe a 1984. Da dare tana tura ruwa zuwa tafkin sama, sa'ad da bukatar wuta ta yi yawa kuma ta sake shi ya gangaro ya juya injuna.

Sauka da igiya

Ja-goranmu ya kai mu wani dutse mai fuska a tsaye kamar bango, tsawonsa kamar mita 25. Muka zagaya ta baya muka hau. Kowa aka ba shi hular kwano da wata ɗamara mai kama ƙugu da cinyoyi. A gaban ɗamarar akwai ƙugiya mai makulli, a jikinta kuma aka rataya wani ƙarfe mai siffar lamba 8. Ta cikin ƙarfen nan igiya ke bi tana lanƙwasa, gogayyar da take yi da shi ita ce ke riƙe nauyin mutum. In ka ja igiyar ƙasa ta wajen ƙugunka, sai ka tsaya cik. In ka sassauta kaɗan, sai ka zame a hankali. Ana danganta dabarar sauka da igiya ga wani ja-gora na duwatsun Faransa, Jean Charlet-Straton, wanda ya yi amfani da ita wajen saukowa daga wani tsauni a 1879.

Ja-goran ya ɗaure igiyar a wurare biyu dabam, don in ɗaya ya ci amana ɗayan ya riƙe. Sa'an nan ya ɗaura wa mai sauka igiya ta biyu, wadda shi da kansa yake riƙe da ita. Ya ba mu doka uku. Hannun da ke riƙe da igiya ta ƙasa kada ya sake ta ko da ƙuda ya shiga ido. Ƙafafu a ware, tafin ƙafa a manne da dutse. Jiki kuma a kwantar da shi baya.

Ta ukun nan ita ce mai wuya. Mai yasar rijiya a ƙauye yakan shiga da igiya, amma 'yan'uwansa ne ke zura shi. Nan kuwa kai ne za ka juya wa rami baya, ka sa dugaduganka a bakin dutse, ka jingina da iska. Zuciya tana ce maka ka rungumi dutsen. Wanda ya bi ta kuwa ƙafafunsa za su zame, gwiwa da haɓa su sha duka. Sai ka ba igiya dukan nauyinka tukuna ƙafa za ta sami wurin takawa.

Mutum shida suka sauka lafiya, wasu da ihu, wasu da addu'a. Da aka zo kan ƙaramarmu, mai koyon aikin jinya, ta kai baki sai ta ƙame. Ƙafafunta suna rawa, hawaye suna zuba. Ja-goran bai matsa mata ba. Ya ce in ta fasa ba abin kunya ba ne, hanyar da muka hau tana nan. Babbanmu, magidanci mai 'ya'ya uku, ya durƙusa kusa da ita ya ce, "Ƙanwata, kada ki dubi ƙasa. Ni na fi ki nauyi sau biyu, igiyar nan kuma za ta ɗauke ni bayanki. Taki ɗaya kawai za ki yi." Ta ce, "Yaya, ƙafata ta ƙi." Ya ce, "To, mu jira ta." Aka yi kusan minti goma ba wanda ya yi magana. Can sai ta ja numfashi, ta kwanta baya, ta ɗaga ƙafar dama. Da ta kai rabi muka ji tana dariya.

Hawan dutsen

Akwai manyan hanyoyi shida na hawa. Akwai kuma jirgin ƙasa daga Llanberis, wanda aka buɗe a 1896. Yana da ƙafa mai haƙora da ke kama wani ƙarfe a tsakiyar dogo don kada ya zame. Mu dai da ƙafa muka yi niyya. Da ƙarfe takwas na safe muna Pen-y-Pass, wata mashiga mai tsawon mita 359, inda hanyar da ake kira Pyg ta fara.

Kafin mu tashi ja-goran ya bincika jakar kowa: rigar ruwa, rigar sanyi, safar hannu, tocila, ruwan sha, burodi, fulas na shayi. Shi kuma yana da taswira da kamfas. Muka ga kamar kayan sun yi yawa, gama rana tana haskawa. Ya ce kowace mita 150 da muka hau, sanyi zai ƙaru da kamar digiri ɗaya, ban da iska.

Bayan sa'a guda muka kai inda hanya ta rabu. Ta dama tana hawa Crib Goch, wani siririn doron dutse mai kama da bakin wuƙa, rami ta nan rami ta can. Samarinmu biyu suka roƙa a bi ta nan. Ja-goran ya dubi gajimare ya ce a'a, bai kuwa ƙara magana ba. Wurin ya ci rayuka da dama, har da na gwanaye.

Muka bi ta hagu. Sai ga tafkin Llydaw a ƙarƙashinmu, shuɗi, shimfiɗe tsakanin duwatsu. Gaba kuma ga Glaslyn, ƙarami, a gindin wani baƙin bango da ya miƙe har ƙwanƙoli. Babu itace ko ɗaya. Sai ciyawa, da duwatsu, da tumaki masu fenti a baya don kowa ya gane nasa. Duk wanda muka haɗu da shi sai ya gaishe mu, abin da ba mu saba gani a birni ba.

A saman Glaslyn hanya ta miƙe tsaye tana karkace karkace. Nan ne sama ta canja. Cikin minti kaɗan wani farin hazo mai laima ya rufe mu, wanda ya fi na hunturu kauri. Mutum ba ya ganin abin da ya wuce taki goma. Iska ta taso da yayyafi. Ja-goran ya jera mu, babbanmu a baya, ya ce kowa ya riƙa ganin jakar na gabansa. Hira ta ƙare. Sannu ba ta hana zuwa.

Kusa da wani dogon dutse da aka kafa don alama, inda hanyoyi ke haɗuwa, muka tarar da wani saurayi zaune shi kaɗai. Yana sanye da wandon jins da 'yar riga, duk sun jiƙe. Jikinsa yana kaɗawa, maganarsa ba ta fita sosai, wayarsa ta mutu. Ƙaramarmu ta gane alamar nan da nan. Ta ce jiƙaƙƙen tufa da iska suna zuƙe ɗumin jiki, in aka bar shi hankalinsa zai gushe. Ta sa aka cire masa rigar, aka sa masa busasshiya da rigar ruwa. Aka ba shi shayi mai sukari. Ja-goran ya ce in bai farfaɗo ba zai kira 999 ya nemi 'yan ceto na dutse. Waɗannan mutane ba a biyansu ko kwabo. Sukan bar aikinsu ko barcinsu su fito neman wanda ba su sani ba. Mun gode Allah, bayan kamar minti ashirin saurayin ya miƙe da ƙafarsa.

Daga nan zuwa ƙwanƙoli tafiyar kwata ce, a gefen dogon jirgi. Ja-goran ya ga saurayin ya murmure, ya yarda mu ƙarasa tare da shi, gama a can akwai ginin baƙi da aka buɗe a 2009, wanda zai kare mu daga iska. An ce ranar da sama ta washe akan hango har ƙasar Ailan. Mu abin da muka gani shi ne hazo, da fuskokin juna. Muka hau 'yan matakalai, kowa ya taɓa ginshiƙin da ke bisa, muka yi hoto.

Saukowa

Muka gangaro ta hanyar masu haƙar ma'adini, wadda ta bi bakin tafkuna uku. A gefenta akwai kangayen wurin niƙa dutsen tagulla, da hanyar da aka cike a tsakiyar Llydaw a 1853 don a fitar da kaya. Gwiwoyi sun fi shan wuya a gangara. Da muka sauko ƙarƙashin gajimare sai ga rana kuma, kamar ba a yi kome ba. Wajen ƙarfe huɗu muka iso inda muka tashi, saurayin nan yana tare da mu.

Kamar mil guda daga nan akwai wani tsohon masauki, Pen-y-Gwryd. A nan ne ayarin da ya fara hawa Everest ya sauka yana gwaji a duwatsun nan, kafin Edmund Hillary da Tenzing Norgay su kai ƙwanƙolin duniya ran 29 ga Mayu 1953. Sa hannun 'yan ayarin yana nan a rufin ɗakin. Muka sha shayi a ƙarƙashinsa.

Iyaye masu 'ya'ya a ƙasashen waje, in ɗanku ko 'yarku ta aiko da labarin za su irin wannan tafiya, kada ku yi saurin hanawa, gama tafiya mabuɗin ilmi ce. Amma ku tambaya: wa zai ja gaba, ya kuwa san aikinsa? Su nawa ne? Wane kaya suka ɗauka? Wa suka gaya wa hanyar da za su bi da lokacin da za su dawo? In amsoshin sun gamsar da ku, ku sa musu albarka su tafi.