LAFIYAR BAREBARI: GARIN DA MATAFIYA KE WUCEWA BA SU YA DA ZANGO

Duk wanda ya taso daga Abuja ya nufi Makurɗi, ya bi ta Keffi da Akwanga, to lalle ne ya ratsa ta tsakiyar Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa. Akasarin matafiya ba su san garin da kome ba sai doya da mangwaro da ake tallarsu a bakin hanya. Su tsaya su saya, direba ya busa ƙaho, su yi gaba. Alhali kuwa garin da kewayensa suna da abin da ya isa ya riƙe baƙo kwana da kwanaki, in dai ya san lokacin da ya kamata ya zo.

A wannan fanni akwai abin koyi a ƙasar Sifen, wadda littattafan tarihin Musulunci suka sani da sunan Andalus. A shekarar 2024 baƙi fiye da miliyan 90 suka ziyarci ƙasar, ita kuwa jama'arta duka ba su kai miliyan 50 ba. Abu biyu ne manya daga cikin abin da ke jan su, watau bukukuwan addini da gaɓar teku. A birnin Sebiliya, cikin makon da Kirista ke kira Mako Mai Tsarki, gab da Ista, ƙungiyoyin majami'u kan zaga gari da kyandir da ganguna dare da rana. Da zafi ya shigo kuma sai jama'a su kwarara gaɓar Malaga, inda ake kira Gaɓar Rana, su huta. Asirin abin shi ne tun da watanni baƙo ya san ranar biki, ya san hanya, ya san inda zai kwana.

To, Lafiya ba ta da teku, amma tana da biki, tana da ruwa. Muhammadu Dunama, wani Babarbare, shi ne ya kafa garin a ƙarshen ƙarni na 18, abin da ya sa ake ce masa Lafiyar Barebari. A zamanin Sarki Muhammadu Agwai, daga 1881 zuwa 1903, kasuwar garin ta bunƙasa, fatake suna ta kai da kawowa tsakaninta da Loko a bakin Binuwai. Garin ya zama hedkwatar jiha ran 1 ga Oktoba, 1996, sa'ad da aka cire Nasarawa daga Jihar Filato. A nan Barebari da Alago da Eggon da Gwandara da Migili da Tibi da Hausawa da Fulani suke cin kasuwa ɗaya.

Babbar ranar garin ita ce ranar Salla, Ƙarama ko Babba. Da an sauko daga Idi sai Sarki ya hau, hakimai da masu sarauta suna biye, dawakai sun sha ado, ga kakaki da algaita da tambura, 'yan bindiga suna ta ɓarin wuta. A ƙofar fada mahaya kan zo su yi jinjina rukuni rukuni, sa'an nan Sarki ya yi wa jama'a jawabi a kan zaman lafiya da noma da karatun yara. Marigayi Alhaji Isa Mustafa Agwai ya shekara arba'in da 'yan kai yana jagorantar wannan hawa kafin rasuwarsa a 2019, inda Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, ya gaje shi. Har ila yau akwai Mauludi a watan Rabi'ul Awwal, lokacin da 'yan makarantun Islamiyya ke zaga gari cikin sababbin tufafi suna yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A ƙarshen Disamba kuma majami'u kan cika maƙil da 'yan ƙasa da suka komo gida Kirsimeti.

Daga Lafiya tafiya kaɗan ce zuwa Doma, garin Alago, inda ake bikin gargajiya na Odu, ga kuma madatsar ruwa da mutum zai zauna a bakinta da la'asar ya sha iska. Kudu maso gabas kuma akwai Keana da Awe, garuruwan gishiri tun kaka da kakanni. Mata ne ke wannan sana'a da rani. Sukan kankaro ƙasa mai gishiri su zuba a tukwane masu huda, su kwarara mata ruwan gishiri, abin da ya tsiyaye su dafa shi har ya ƙafe ya bar farin gishiri. A da fatake kan yi takakka daga nesa domin shi. Yanzu gishirin buhu ya cika kasuwa da araha, 'yan mata kuma sun fara gudun wahalar. In baƙi ba su zo sun gani sun saya ba, wata rana sai labari.

Abin da ya fi kome ban mamaki a jihar shi ne Farin Ruwa, a ƙasar Wamba, kusa da iyakar Filato. Ruwa ne ke zubowa daga kan dutse mai tsawon kimanin mita 150, fari fat kamar an shanya alawayyo, ana jin rugugin sa tun daga nesa. Sai dai da damina yake cika ya tumbatsa, da damina kuma hanyar ƙauyen ta fi wuya, ƙarshenta ma sai an taka da ƙafa. Saboda haka masu dabara kan je da kaka, ruwa bai ja ba, ƙasa kuwa ta fara bushewa.

Ke nan mai niyyar ziyara sai ya riƙe lissafi biyu. Salla da Mauludi wata suke bi, kowace shekara suna matsowa da kamar kwana 11. Gishiri da Farin Ruwa kuwa rani da damina suke bi. Wanda ya haɗa lissafin nan zai ga hawa ya kuma ga ruwa a tafiya ɗaya.

Saura aikin hukuma da masarautu. A gyara hanyar Farin Ruwa, a tanadi masauki mai tsabta da tsaro, a riƙa shelar ranakun bukukuwan Doma da Keana tun da wuri ta rediyo da jaridu, a kuma koya wa samari tarihin garuruwansu domin su yi wa baƙi jagora su sami na kansu. Hausawa sun ce gani ya kori ji. In an yi haka, matafiyin da ya tsaya sayen doya zai nemi masauki.