Cefanen Kwamfuta

Zancenmu na makon nan na cefane ne, amma ba na kayan miya ba. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta kan kwamfuta. Yarinyar da hannunta bai saba da ita ba, ko ta fi kowa karatu, lokaci yana iya ƙure mata. Saboda haka da kwasar adashi ta zo kaina, sai na ce kwamfutar tebur zan haɗa wa 'yata. Watau a sayi kayan cikinta ɗaya ɗaya, mai gyara ya ɗaura su. Ran da abu guda ya lalace, shi kaɗai za a sake.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, aikin da za a yi shi ke zaɓen kaya, ba bakin mai shago ba. Kafin mu fita ni da yarinyar muka zauna muka rubuta aikin: koyon buga rubutu, gwajin jarrabawa, karatu a intanet, da lissafin 'yar sana'ata. Iyakarsa ke nan.

Na farko furosesa, ita ce mai girkin gidan. Kamfani biyu suka fi suna, Intel da AMD. Tana zama ne a kan babban allon da kome ke maƙale a jikinsa, masu sana'ar suna ce masa madabod. Kowace tukunya da murhunta, gama furosesar Intel ba ta zama a allon AMD. Ko a gidan AMD ma, mazaunin AM4 dabam, AM5 da ya fito a 2022 dabam. A sayi biyun tare, a kuma gwada su a gabanki.

Na biyu ram, ita ce faifan da ake baza aiki a kai. In faifai ya yi ƙanƙanta aiki sai ya yi ta jan ƙafa. Gigabait 8 ya isa rubutu, amma 16 ya fi kwanciyar rai. Ki lura, DDR4 ba ta shiga ramin DDR5, kuma allon AM5 ba ya karɓar kome sai DDR5.

Na uku rumbun ajiya. Tsohon iri faifai ne mai juyawa, yana da arha amma yana da nawa. Wanda ake kira SSD ba abin da ke motsi a cikinsa, kwamfuta kuwa nan da nan take tashi. Mai gigabait 512 ya ishi ɗaliba.

Mai shago ya yi ta yaba mini katin hoto, ya ce kwamfuta ba ta cika sai da shi. Na ce a'a. Wannan na masu wasanni ne da masu haɗa fim. Ni dai Ryzen 5 5600G na ɗauka, wadda ke da nata mai nuna hoto a ciki, tana zama a AM4, tana aiki da DDR4. Amma in Intel za ki saya, kika ga harafin F a ƙarshen lambarta, lalle sai da kati, in ba haka ba majigi ba zai nuna kome ba.

Kuɗin katin kuwa a kan wuta na kashe su. Kun san halin lantarkinmu, yanzu a kawo, anjima a ɗauke. Akwatin wuta maras kyau yana iya ƙona kayan duka a dare ɗaya, araha kuwa ba ta ado. Ki nemi mai tambarin 80 Plus, ki haɗa da UPS, batirin da zai ba yarinya 'yan mintoci ta adana aikinta ta kashe. Gidan kwamfutar kuma ya kasance da fanka da raga, a riƙa kakkaɓe shi lokacin hunturu, domin ƙura tana sa ta zafi.

Saura abu guda. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a watan Oktoba na 2025. Kada ki yarda da tsofaffin kayan da ba su ɗaukar Windows 11, kome sauƙinsu. Ki karɓi rasit, a rubuta sunan kowane abu da lambarsa.

Ku kuma 'yan makaranta, in za a ɗaura ku tsaya kusa ku gani, ku yi tambaya, gama mai tambaya ba ya ɓata. Allah ya sa wa abin da muka tara albarka. Sai mako mai zuwa.