Ƙahon Da Ya Faɗi A Daji

Ni malamin makarantar firamare ne a yankin Bibemi, na kuwa daɗe ina riƙe da alli, amma yau labarin wani kuskure nawa zan ba ku, da yadda wani tsohon maharbi ya gyara mini shi.

'Yan shekarun baya, cikin hunturu, ina koyar da 'yan aji shida darasin dabbobi. A littafin Faransancin da muke amfani da shi akwai hoton wata dabba tsaye cikin dusar ƙanƙara, kanta ɗauke da ƙaho mai rassa kamar busasshiyar bishiya. Faransawa suna kiranta "cerf". An rubuta a ƙarƙashin hoton cewa namijinta yakan zubar da ƙahonsa kowace shekara, wani sabo ya tsiro. Don yara su gane, sai na fassara musu na ce ai barewa ce, barewa kuwa takan zubar da ƙahonta duk shekara.

Wani yaro mai shiru-shiru da ke zama a bencin baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kakana ya ce barewa da ƙahonta take mutuwa." Na ce masa, "Kakanka ne ya rubuta littafin?" Aji ya ɓarke da dariya. Ranar jarrabawa yaron ya rubuta amsar kakansa, ni kuma na ja masa jan biro. Tun daga ranar bai sake ɗaga hannu ba.

Bayan mako biyu sai na tarar da wani abu a nannaɗe cikin tsohon buhu a kan teburina. Na buɗe, na ga ƙahon mariya ne, baƙi, mai zobba-zobba. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce kakansa yana gaishe ni, ya kuma ce in leƙa cikin ƙahon. Na leƙa, na ga rami, da ragowar ƙashi a maƙale a gindi. Ranar Lahadi na hau keke na nufi ƙauyensu, can wajen Mayo Kebbi.

Na sami tsohon a zaure yana tufka igiya. Bayan mun gaisa an kawo ruwa, na ce, "Baba, na ga saƙo, na zo neman bayani." Ya ce, "Malam, kai ne da karatu, mu dai abin da ido ya gani muke faɗa. Tun ina yaro nake bin mahaifina daji. Gwanki, kanki, mariya, mazo, gada, ɓauna, babu wanda ban feɗe ba. Ban taɓa ganin wanda ya yar da ƙahonsa ya yi gaba ba. In ya karye a wurin faɗa, haka zai zauna da guntu har ya mutu. Duk inda ka tsinci ƙaho a ƙasa, duba kusa, za ka ga ƙasusuwa." Ya ƙara da cewa in tambayi kowane Bafulatani ko sanuwarsa ta taɓa sake ƙaho. Na rasa ta cewa, gama a gaban shanu na girma, ban kuwa taɓa kawo wannan a raina ba.

Da aka yi hutu na je Garwa, na nemi wani abokina da ya yi karatu a makarantar horar da masu kula da namun daji, wadda aka buɗe a garin a 1970. Shi ya warware mini zaren. Ya ce littafi bai yi ƙarya ba, tsoho ma bai yi ƙarya ba, fassarata ce ta haɗa dabbobi biyu da ba danginsu ɗaya ba. Mu Hausawa kalma ɗaya gare mu, watau ƙaho. Faransawa kuwa biyu gare su: na shanu da awaki da barewa "corne", na waccan dabbar kuma "bois", ma'ana itace. Irin namu ƙashi ne a ciki, an lulluɓe shi da kube irin abin da aka yi farce da kofato da shi, yana girma muddin rai. Shi ya sa wanzami ke samun ƙaho mai rami ya tsotsi jini da shi. Nasu kuwa ƙashi ne zalla, ba rami. A duk nahiyar Afirka babu inda dangin wannan dabba suke na asali sai dazuzzukan arewa, musamman kan iyakar Aljeriya da Tunisiya. Bari mu kira ta barewar Turai.

Ga yadda abin yake. Da bazararsu ƙahon yakan tsiro lulluɓe da fata mai laushi cike da jijiyoyin jini, a manyan irinsu har yakan ƙaru da kusan santimita 2 a yini. Cikin wata huɗu zuwa biyar ya kammala. Idan rana ta fara gajarta, sai sinadarin mazakuta, wanda likitoci ke kira testosteron, ya ƙaru a jinin namiji, fatar ta bushe, ya goge ta a jikin itatuwa, ƙahon ya zama makamin faɗa. A Turai jar barewa takan yi barbara a Satumba da Oktoba. Bayan nan sinadarin ya yi ta raguwa, wasu ƙwayoyin jiki su rinƙa cin ƙashin da ke gindin ƙahon, har ya ɓalle ya faɗi wajen Fabrairu zuwa Afrilu. A Amurka, barewa mai farin bindi takan zubar da nata galibi tsakanin Janairu da Maris.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, wani lokaci ƙahon yakan faɗi kafin lokacinsa, a ga namiji da kai fayau tun Disamba. Duk abin da ya raunana jiki yakan sa sinadarin nan ya faɗi da wuri, ƙaho ya bi shi. Na farko yunwa, idan dabbobi sun yi wa daji yawa ko abinci ya yi ƙaranci. Na biyu gajiyar barbara, domin babban namiji yakan yi makonni yana faɗa da tsaron mata, ba ya cin abin kirki, ya fito a rame. Na uku rauni, ko na harsashi, ko na mota, ko sukar ɗan'uwansa. Na huɗu cuta da tsutsar ciki, ko ƙurji a gindin ƙahon. Na biyar sanyi mai tsanani da ya zo da wuri ya binne ciyawa. Saboda haka ma'aikatan dajinsu, in sun ga namiji ɗaya ya zubar da wuri, sukan zaci rauni ne ko ciwo. In kuwa maza da yawa ne a daji guda, sai su duba abinci da yanayi. Har akwai wata asara: inda aka ba da izinin harbin mata don rage yawa, maharbi yakan harbe irin wannan namiji yana zaton mace ce.

Na koma na kwashe duka na faɗa wa tsohon. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ikon Allah! Ashe su ƙahonsu gargaɗi yake yi tun dabba tana da rai. Namu kuwa sai an gama yake magana." Ya ɗauko ƙahoni uku daga rataye ya karanta mini su. Wanda aka sare da gatari, aikin mutum ne. Wanda ya zo da ƙoƙon kai cikakke, ciwo ne ko ƙishirwa. Wanda tsutsa ta yi wa gidaje, ya daɗe a yashe. Ya ce shekarar da ciwon bushiya ya faɗa wa shanu, watau 1983, ya ga ƙahonin ɓauna a bakin ruwa ba mai ɗauka. Yanzu kuma, in ji shi, mafi yawan wanda yake tsinta kusa da tarkon waya yake samunsa. Bai ɓoye nasa laifin ba. Ya ce, "Malam, ni ma da hannuna a ciki, amma mahaifina bai taɓa bari na harbi mai ciki ba."

Mai karatu, lissafin da ƙahonin yankinmu suka bayar ba mai daɗi ba ne. An mai da dajin Binuwai da na Buba Njidda gandun ƙasa a 1968. An kawar da bushiya daga duniya, aka yi shelar haka a 2011. Amma a wannan shekarar ce ƙungiyar IUCN ta bayyana cewa baƙin karkanda na yammacin Afirka ya ƙare ƙaƙaf, arewacin Kamaru ne kuwa mafakarsa ta ƙarshe. Don ƙahonsa aka kashe shi, gama ba ya zubar da shi balle a tsinta. A farkon 2012 mahaya dawakai ɗauke da bindigogi suka shiga Buba Njidda suka kashe ɗaruruwan giwaye don haure. Jikokinmu sai dai su ga karkanda a hoto, kamar yadda ɗalibaina suka ga barewar Turai.

Tunda ƙahon dabbobinmu ba ya gargaɗi, tilas mu nemi gargaɗin a wani wuri: sawu a bakin tafki ya ragu ko ya ƙaru, garken mariya da 'ya'ya ko babu, haƙarƙari ya fito tun kafin tsakiyar rani ko bai fito ba. Masu iya karanta waɗannan alamu su ne tsofaffin maharba da makiyaya, suna kuwa ƙarewa ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya zauna ya rubuta daga bakinsu.

Da aka koma makaranta na tsaya gaban aji, na kira yaron, na ce shi ne da gaskiya, ni na yi kuskure. Na gyara masa makinsa a gaban waɗanda suka yi masa dariya. Sai da aka yi kusan wata guda kafin ya sake ɗaga hannu, wannan jiran kuwa ya fi mini komai ciwo. Ƙahon yana nan cikin kabad ɗin ajinmu. Duk shekara idan mun zo wannan darasi nakan ajiye shi kusa da hoton littafi, in ce kowane yaro ya je gida ya tambayi kakansa sunayen namun dajin da ya taɓa gani da idonsa, da waɗanda ya daina gani, ya rubuto mana.

Ina roƙon 'yan'uwana malamai su gwada haka a azuzuwansu, matambayi dai ba ya ɓata. Idan kuma yaro ya ce "kakana ya ce", a saurare shi har ya kai aya. Allah ya ba mu ikon karɓar gyara, amin.