Abin da Na Gano a Bakin Tafkin Bodensee

Ɗan ƙanwata ne sanadin zuwana Friedrichshafen, wani gari a ƙarshen kudancin Jamus. Shekara biyu uwarsa tana kawo mini ƙararsa: an tura yaro karatu, amma duk sadda ta buga waya sai ya ce yana wurin aiki. A ganinta ya watsar da boko ya kama neman kuɗi. Da wata hidima ta kai ni Stuttgart, sai ta ce kada in kuskura in dawo ban je na gano mata gaskiya ba.

Na bi jirgin ƙasa ta Ulm da Ravensburg, gonakin tuffa suna wucewa ta taga, har layin dogo ya ƙare a bakin ruwa. Yaron ya tarye ni da kayan aiki a jikinsa, da takalmi mai bakin ƙarfe. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Kawu, na san abin da ya kawo ka. Wallahi karatu nake yi."

Da gaskiyarsa. Makarantar tasa sunanta DHBW, ta gwamnatin jihar Baden-Württemberg ce, kuma tsarinta ya saɓa wa duk jami'ar da na sani. Ba makaranta ce take fara ɗaukar ɗalibi ba, kamfani ne. Sai ya yarda da kai, kun sa hannu a takardar yarjejeniya, sannan makaranta ta buɗe maka ƙofa. Daga nan wata uku kana aji, wata uku kana masana'anta, haka za ka yi ta sintiri har shekara uku, ka fita da digiri. Albashi kuwa ba ya yankewa, ko a watannin da kake zaune gaban allo. Amma fa babu dogon hutun nan na 'yan jami'a, sai kwanakin hutu irin na ma'aikaci, kuma wanda Jamusancinsa bai nuna ba zai sha wuya.

Asalin abin daga masu masana'antu ya fito. A farkon shekarun 1970 kamfanoni uku na Stuttgart, wato Bosch da Daimler-Benz da SEL, suka nemi hanyar da yaran da suka gama sakandare za su sami ilimi mai zurfi ba tare da sun yi nesa da injin ba. A 1974 aka buɗe makarantu na farko a Stuttgart da Mannheim, wasu garuruwan suka biyo baya, sannan a 2009 aka ɗaure su duka a tsintsiya guda, suka zama jami'a ɗaya. Yau tana da mazauni a garuruwa tara, tana hulɗa da kamfanoni da asibitoci da bankuna da ma'aikatu kimanin 9,000.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne rashin kishi tsakanin rassan. Kowane ya dubi abin da garinsa yake ci da shi. Reshen Ravensburg ya riƙe kasuwanci da aikin otal da yaɗa labarai, ya tura injiniyanci zuwa harabarsa ta Friedrichshafen, domin nan ne garin ƙarfe. A kan tafkin Bodensee jirgin Zeppelin na farko, wannan mai kama da ƙatuwar salka, ya tashi sama a 1900. Kamfanin ZF, wanda aka kafa a 1915 don ƙera wa jiragen haƙoran injin, yana nan har gobe yana yin giyabos na motoci. To ina dalilin koyar da ƙirar jirgin sama a wani gari, ga masu ƙera shi a nan?

Ƙasa da wannan mataki akwai masu koyon sana'a, su ne ma suka fi yawa: kafintoci, masu walda, masu gyaran wuta, masu gasa burodi, sana'o'i sama da 300 da doka ta san da su. Yaro yana yin kwana uku ko huɗu a mako wurin maigidansa, sauran a makarantar sana'a. In shagon ƙarami ne, ba shi da wani injin, akwai cibiyar da masu sana'ar suka yi tarayya a kanta, can zai je ya koya. In kuma sana'ar masu yin ta kaɗan ne, sai a tattaro yaran garuruwa da yawa a aji guda. Ranar jarrabawa ba maigida ne kaɗai yake yanke hukunci ba. Majalisar 'yan kasuwa ko ta masu sana'ar hannu ce take kafa kwamiti, a ciki akwai wakilin iyayen gida, da na ma'aikata, da malamin makaranta. Takardar da suka bayar tana ci a ko'ina cikin Jamus.

Nan Fanteka ta Kaduna ta faɗo mini a rai, da yaran da na sha gani a can suna ƙera abin da zai ba injiniya mamaki. Hannun akwai shi a wurinmu, iyayen gida masu koyarwa ma akwai. Sai dai yaronmu in an yaye shi, shaidarsa a bakin maigidansa take, in ya bar gari ya bar ta.

Ranar Asabar muka hau jirgin ruwa zuwa Konstanz, tafiyar ba ta cika awa ba. Daga tsakiyar ruwa ana hango dutsen Säntis a Suwizalan, can gabas kuma gaɓar Ostiriya. Wai a babban ɓangaren tafkin ƙasashen nan uku ba su taɓa zama sun ja iyaka ba, kuma ba wanda ya zare wa wani takobi. Konstanz ta Jamus da Kreuzlingen ta Suwizalan kuwa manne suke, da ƙafa muka ƙetara, ban ma lura ba sai da ya nuna mini alamar.

Makarantunsu ma haka suke ƙetarawa. Tun shekarar 2000 manyan makarantun yankin, waɗanda yanzu sun fi ashirin, daga Jamus da Ostiriya da Suwizalan da 'yar ƙaramar ƙasar Liechtenstein, suka shiga ƙungiya ɗaya. Suna bincike tare, suna shirya wasu kwasa-kwasai tare. Jami'ar Konstanz da kwalejin horar da malamai ta Kreuzlingen suna da digirin da suke bayarwa da haɗin gwiwa, alhali kowace da gwamnatinta da kuɗinta, wannan yuro, waccan faran. Har masu koyon sana'a an ƙirƙiro musu shirin da yaro zai je ya yi mako huɗu a wani kamfani a tsallaken iyaka, ya ga yadda wasu suke riƙe guduma. Ina tsaye a bakin ruwan ina lissafi: mu ma ƙasashe huɗu ne a kewayen Tafkin Chadi, har da hukuma tun 1964.

Kwana uku na yi na juyo. Da na iso gida na zaunar da ƙanwata na warware mata komai, tun daga yarjejeniyar kamfani har takalmin ƙarfe. Ta yi shiru tana saurare. Da na kai aya sai ta ce to alhamdu lillahi, amma tunda ashe albashi yake ɗauka duk wata, in gaya masa ya fara aiko da na cefane.