Zan fara wasiƙar wata-wata a kan sutura, ga dalilina

Daga wata mai kamawa, in Allah Ya yarda, zan riƙa fitar da 'yar wasiƙa sau ɗaya a wata a kan sutura da al'adun da ke tattare da ita, musamman ɗinkin hannu na nan cikin birnin Zariya. Shafi huɗu ko biyar ne kawai, a tura ta WhatsApp, in kuma karanta ta da murya saboda iyayenmu da ba sa karatun boko, don su ne masu abin.

Na san abin da wasunku za su ce, domin an riga an faɗa mini a ofis: "Haba Malam, mutane na neman abin kai wa bakin salati, kai kana zancen kwalliya?" Tambayar ba ta banza ba ce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya ji a jikinsa, mu masu jiran albashi ma ba mu tsira ba. Amma duk wanda ya san lungunan birni ya san cewa a nan maganar riga maganar tuwo ce. Ka shiga ta Ƙofar Doka ka ratsa Kwarbai ko Unguwar Magajiya da hantsi, ka leƙa zauruka, ka ƙirga mutum nawa za ka gani da allura a hannu. Waɗanda ba za ka gani ba ma sun fi yawa, matan da ke cikin gida. Da can ɗinkin babbar riga aikin maza ne, musamman malamai da almajiransu, amma yau shekaru arba'in ko fiye ke nan mata suka shigo ciki, kuma da kuɗin ne ake yin cefane, a biya kuɗin Islamiyya, a tara kayan ɗakin 'ya.

Riga guda hannu nawa take bi? Akwai mai yanka ya haɗa, akwai mai zane da zai fitar da aska da tambari a kan ƙyalle, akwai mai ɗinkin da za ta yi wata biyu ko uku tana cin ido, akwai mai bugu, sannan dillali ya kai Kano ko Abuja. Wanda ya saka ta ranar ɗaurin aure za a ce masa "kai, wannan aiki ya yi", amma bai san sunan wadda ta yi ba, ita kuma ba ta san nawa aka sayar ba. Wannan ramin da ke tsakaninsu shi ne abin da ya fi damuna, kuma shi nake so wasiƙar ta riƙa leƙawa. Ba ina cewa dillalai ɓarayi ne ba, suna zuba jarinsu, suna jiran mai saye. Sai dai ciniki da ɓangare ɗaya kaɗai ya san farashi ba ya cika yin adalci.

Sai kuma sunaye. Yaranmu sun san Getzner, sun san cewa daga Austriya take zuwa, za su bambance maka ta gaske da jabu da taɓawa ɗaya. To ka tambaye su bambancin aska biyu da aska takwas, ko 'yar Dikwa da 'yar Madaka, ko mene ne malum-malum, ko me ake nufi da saƙi da tsamiya da barage, sai ka ga an koma danna waya. Ba laifinsu ba ne, ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu. Abin da ke ba ni haushi shi ne an yi rubutu a kan wannan sana'a, sai dai da Turanci. David Heathcote ya yi digirinsa na uku a nan Jami'ar Ahmadu Bello a kan ɗinkin tufafin Hausawa tun shekarun 1970. Elisha Renne ta daɗe tana aiki da matan birni masu ɗinki. Allah Ya saka musu, amma mai ɗinkin da aka yi rubutun a kanta ba za ta iya karantawa ba, jikanta ma bai san akwai shi ba.

Kuma a ce a Zariya! Garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na edita, garin da aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. In akwai inda ya kamata a rubuta abinmu da harshenmu, ai nan ne.

Wani zai ce me zai hana in ci gaba da rubutawa a nan Facebook. Kun dai ga yadda take: ka yi kwana uku kana haɗa rubutu, kafin la'asar rigimar siyasa ko ta 'yan fim ta binne shi. Ina son abin da mutum zai adana a wayarsa, ya buɗe bayan shekara biyu ya same shi.

Ba zan tsaya kan kayan da kawai ba, don ba gidan tarihi zan buɗe ba. Za mu yi maganar masaƙun Kaduna, yadda KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, da yadda atamfar Sin ta cika Kantin Kwari. Za mu yi maganar keken ɗinki mai kwamfuta da ke fitar da aikin wata uku a yini ɗaya. Ni ban ɗauke shi abokin gaba ba, shi ya sa ƙaramin ma'aikaci irina ke iya saka babbar riga da Sallah, amma a faɗa wa mai saye gaskiya, kada a sayar masa da aikin inji da sunan na hannu. Za mu taɓa yayin abaya da leshi, da ankon biki da ke jefa mata cikin bashi, da kayan hawan Sallah na Zazzau, su alkyabba da rawani da wanda ya cancanci ya yi masa kunne biyu.

Sharuɗɗa biyu na ɗora wa kaina. Ni ma'aikacin gwamnati ne, don haka babu siyasar jam'iyya a ciki, kuma a lokacina zan yi, daren Juma'a da Asabar. Na biyu, ba zan saka sunan kowace mata ko hotonta ba sai da izininta da na mai gidanta, kuma ba zan karɓi kuɗin kowa in yabi kayansa ba.

Fitowar farko a kan aska takwas ce: yadda ake zana ta, da tsawon lokacin da take ci, da abin da ke shiga hannun kowa daga mai zane har dillali. Wanda yake da tsohuwar rigar kakansa a adaka, don Allah ya ɗauko mini hoton gaba da baya da aljihun. Suna kuma har yanzu ban raɗa mata ba, ina jiran shawararku a ƙasa.